Gyaran Yana Hannuna, Kunyar Suruki Ta Hana Ni Miƙawa

Zuwa ga Malama Ummu Salma,

Assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, domin abin da ke cin raina ba zan iya faɗa wa kowa a Ƙanƙara ba.

Ranar 3 ga Yuni, 1996 aka sallame ni daga wani kamfani a Kaduna, inda nake shugaban sashen kwamfuta. Ban yi sata ba, ban yi fashin aiki ba. Kujerata ake so a ba ɗan wani, aka ba shi. Na fara da wannan ne don ki san irin mutumin da ke rubuto miki. Na yi karatu lokacin da karatu yake karatu. Na yi digiri a Zariya, an tura ni kwas ƙasar waje, na dawo ana nuna ni da yatsa. Bayan sallamar na dawo gida da akwatin littattafai da wani ɗaci da har yau bai bar harshena ba. Na sayar da taki, na koyar da lissafi a makarantar kuɗi, na buɗe shagon buga takardu ya mutu. Waɗanda nake yi wa aikin gida a aji su ne yau ake buɗe wa ƙofar mota. Abu ɗaya kawai ban bari ba, shi ne karatun kwamfuta. Ko ba ni da na cefane sai na sa data na ga inda duniya ta kai.

Ɗiyata ta fari, wadda ko a nan hannuna ba zai iya rubuta sunanta ba, haka aka rene mu, tana auren wani yaro mai suna Jabiru. Ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba, shi kuma bai taɓa zama kan kujera a inda nake ba. Yana da ƙaramin ofis a nan Ƙanƙara, yana yi wa ƙungiyoyin manoma aikin awon gonaki. Kin san halin da muke ciki. Mutane sun bar ƙauyukansu saboda 'yan bindiga, wasu sun koma sun tarar an shafe iyaka, wani ya nome gonar wani. Saboda haka ma'aikatansa kan bi gona da waya su zana iyakarta, su ɗauki hoto, su naɗi muryar dattijon da ya san wa ya gaji wa. Ƙungiya biyu yake yi wa aiki, ɗaya a Sabuwa wajen Damari, ɗaya a Faskari, Sheme da Ruwan Godiya.

Shi ya ba ni aiki. Bai faɗa mini da bakinsa ba. Ya faɗa wa matarsa, ta faɗa wa uwarta, Hajiya Mero ta same ni ina alwala ta ce yaran nan suna roƙon in riƙa duba musu injinansu in na samu sarari. Na san albashi ne aka naɗe da roƙo don kada in ji nauyi. Na karɓa.

Bari in bayyana miki tsarin, don a nan matsalar take. Akwai babbar kwamfuta ɗaya a ofis, tana aiki da sola. An raba cikinta kamar ɗakuna, kowane ɗaki yana aiki tamkar cikakkiyar kwamfuta mai zaman kanta, alhali ba ta da jiki. Ɗaki ɗaya na Damari ne, ɗaya na Faskari. Ma'aikacin da ke ƙauye ba sai ya zo Ƙanƙara ba, hanyar ma ba kullum take biyuwa ba. Akwai manhajar da yake buɗewa a wayarsa ko ƙaramar kwamfutarsa, sai ya ga allon ɗakinsu kamar yana zaune gabansa, ya zuba abin da ya auno. Da ya gama sai ya goge komai daga wayar. Wannan doka ce, domin in aka tare ka a daji aka ga taswira da hotuna a wayarka, cewa za a yi kai ɗan leƙen asiri ne. Ke nan abin da ya shiga ɗakin nan ba shi da wani wurin zama.

To, manhajar shigar ce take mutuwa. Mutum yana cikin aiki sai ta ƙame, ta rufe kanta. Rahila, wadda ke kula da awon Damari, takan hau kan wani dutse bayan gari don ta samu sabis, ta zuba rabin aiki, manhaja ta mutu, ta sake daga farko rana tana dukanta. Ta sha kira tana cewa, Baba, wannan abu naku zai kashe ni kafin ɓarayi su same ni. Nakan yi dariya in ce ana kan dubawa.

Ranar da abin ya faru Jabiru yana Funtua. Shugabannin ƙungiyar Sabuwa suka zo ganin taswirar gonakinsu, tare da shugabansu Alhaji Badamasi. Ajinmu ɗaya da shi. Ni na koya masa raba dogon lissafi, da ƙyar. Na buɗe ɗakin Damari daga tawa kwamfutar, wadda na jona da sabis ɗin wayata, manhaja ta mutu. Na sake, ta mutu. A karo na gaba sai ya kalli mutanensa ya ce, ku ga Injiniya na London, kwamfuta na yi mai gardama kamar jakin da bai sha ruwa ba. Aka yi dariya. Wasa ne irin na sa'a, na sani. Amma ni ba dariyarsu na ji ba, Kaduna na ji.

Akwai wani abu a tsarin: ana iya ɗaukar hoton ɗaki gaba ɗaya yadda yake a ajiye, in ya lalace a mayar da shi yadda yake ranar da aka ɗauka. Duk abin da ya shiga bayan wannan rana sai ya tafi. Dokar ofis ita ce ba a yin haka sai Jabiru ya sani. Amma duk makullan tsarin suna hannuna, domin da zai buɗe mini shafi bai iya ba suruki rabin makulli ba. Wayata tana aljihu. Sai in ɗauka in kira mijin ɗiyata, a gaban Badamasi, in nemi izini? Ban iya ba. Na danna, na mayar da ɗakin Damari yadda yake a hoton. Na ɗauka hoton na kwanan nan ne, ban duba ba. Ashe na kafin saukar damina ne.

Manhajar ta sake mutuwa, domin tun farko ciwon ba a ɗakin yake ba, kuma da na tsaya na yi tunani irin na wanda ya yi karatu da na san haka. Da ta yarda ta buɗe, ɗakin Damari fayau.

Za ki ce ina kwafin ajiya? Ni aka ɗora wa. Na haɗa tsarin da zai riƙa kwafa da kansa, ya tsaya tun tuni ban lura ba. Daga baya na ji cewa Jabiru ya lura. Bai iya ce wa suruki aikinka ya tsaya ba, bai kuma iya sa hannu ya gyara a bayan idona ba don kada in ga ya raina ni. Ya faɗa wa matarsa. Ita ɗiyar fari ce, ba ta doguwar magana da ni, ta faɗa wa uwarta. Abin da ya iso kunnena shi ne, yaran nan suna gaishe ka, sun ce Allah ya ƙara lafiya, a riƙa ɗan leƙa ajiya. Na ce amin.

Da ya dawo ya kwana biyu yana ƙoƙarin tono abin daga faifan kwamfutar, ɗan abin da ya fito a farfashe yake. Sai ya tafi Sabuwa da kansa ya ce wa ƙungiya laifinsa ne, shi ya bar tsohon hoto, shi ya yi sakaci da ajiya. Badamasi yana wurin lokacin da na danna, amma bai san me na danna ba. Suka janye aikinsu. Har a kasuwa ana cewa yaron nan bai iya riƙon amana ba.

Malama, da ya yi mini tsawa da na samu sauƙi. Har yau yana zuwa ya durƙusa daga bakin zaure ya gaishe ni. Albashina bai tsaya ba. Ko makullan bai canza ba. Ɗiyata ta rame. Ni kuma na daina zuwa ofis, na ce ƙafa ke damuna.

A zaman gidan nan ne na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na sauko da rubutun manhajar, domin irin wadda kowa ke iya karanta cikinta ce, na bi bayanan da take bari kafin ta mutu. Na gano ciwon. Idan sabis ya yanke tana tsakiyar zana allo, sai ta saki wurin da take ajiye hoton allon. Idan sabis ya dawo, kuma girman allon ya canza, kamar mutum ya juya wayarsa ko ya ja taga, sai ta ci gaba da zane a wurin da ta riga ta saki. Nan take faɗuwa. Waɗanda suka rubuta ta suna zaune a ƙasashen da sabis ba ya ƙiftawa, ba su taɓa hawa dutsen Damari ba. Gyaran 'yan layuka ne. Na gwada a tsohuwar kwamfutata, ina yanke sabis ina mayarwa, ina juya allo, har hannuna ya gaji. Ba ta mutu ba. Rabon da in ji irin wannan daɗi tun ina Kaduna, kuma daɗin bai daɗe ba kunya ta danne shi.

Ƙungiyar Faskari ta ce in aka gama kaka manhajar tana mutuwa, su ma za su tafi. An fara yankan dawa. In suka tafi ofishin ya rufe, kuma da shi ɗiyata da jikokina suke ci. Gyaran yana hannuna. Amma in zan miƙa shi dole in zauna da Jabiru, in buɗe kwamfuta, in ce ga ciwon, ba a ɗaki yake ba. Wannan daidai yake da cewa na share aikin mutane a banza. A ina aka taɓa jin suruki ya ba mijin ɗiyarsa haƙuri? Zai ma tsaya ya ji? Na yi tunanin in shiga da makullina in saka gyaran a ɓoye, a wayi gari a ga ta daina mutuwa. Na yi tunanin in ba Hajiya saƙo. Na kuma yi tunanin in tafi wurin ƙanena a Kaduna in bar musu garin.

Me zan yi? Abin da ya tafi dai shi ne awon damina guda na gonakin Damari, wasu a wuraren da yanzu ba a iya shiga. Har da muryar Baba Ɗanhausa, dattijon da ya san iyakokin tun na kakanni, na Musulmi da na Kirista da na masu bin al'adar gargajiya. Ya rasu wata ɗaya bayan an naɗi muryarsa.

Naki,
Tsohon Injiniya, Ƙanƙara.

AMSA

Wa alaikumus salam, Baba.

Na karanta wasiƙarka har sau biyu, kuma zan yi maka magana kai tsaye, tunda abin da aka rasa a gidanku ke nan.

Kuskuren naka ne, ka kuma san haka, ba sai na ƙara maka nauyi ba. Amma Jabiru ma yana da nasa kason. Mai ofis ya ga ajiya ta tsaya, sai ya aika gargaɗin ta bakin mata biyu har ya zama gaisuwa. Ya ba mutum makullin da zai iya share komai don kada ya ji an rage shi. Ladabi ne, na yaba, amma da gonakin mutane aka biya shi. Kunyar surukai abu ne mai kyau, ita ke sa gida ya zauna da mutunci. Sai dai a zaure aka yi ta. Ku kun ɗauke ta kun kai ofis, inda dole wani ya iya ce wa wani tsaya, kada ka danna.

Saboda haka shawarwarinka uku duka ban yarda da su ba. Saka gyara a ɓoye shi ne ainihin abin da ka yi ranar nan: ka taɓa tsarin mutane kai kaɗai, ba wanda ya duba. Gwaji a tsohuwar kwamfutarka ba gwaji ba ne a wayar Rahila. In gyaran ya zo da wata matsala, wa zai sake zuwa ya ce laifinsa ne? Saƙo ta hannun Hajiya ka riga ka ga yadda yake isa. Tafiya Kaduna kuwa guduwa ce da maganin a aljihu, ka bar ɗiyarka da ciwon.

Ka kira shi da kanka, a wannan makon, ka ce ku haɗu a ofis. Kada ku yi a gida, domin a gida zai durƙusa, kai kuma za ka kau da kai, a tashi ba a ce komai ba. In kana ganin bakinka zai yi nauyi, ka tafi da wani dattijo da ku biyun kuke jin kunyarsa, irin wanda ya tsaya a ɗaurin auren, ya buɗe muku magana ya koma gefe. Ka fara da aikin, tunda harshen da kuka haɗa ke nan. Nuna masa inda take faɗuwa, nuna masa layukan, ka ce ya duba maka ko ka yi kuskure. Daga nan haƙurin ba zai yi wuya ba. Ba sai ka yi dogon jawabi ba. Ka ce ni na yi, na san abin da ka ɗauka a kaina, ka yafe mini. Zai sunkuyar da kai ya ce ba komai, Baba. Kada ka bari ya rufe maganar da haka. Ka ce da komai, ka maimaita sau ɗaya, ka yi shiru. Ka tambaye ni ina aka taɓa jin haka. Addininmu bai cire suruki daga cikin masu neman gafarar wanda suka cuta ba, kuma ban taɓa ganin babban da ya ragu don ya yi hakan ba.

Bayan nan ku gwada gyaran a kwafin ɗaki tukuna, sannan a wayar mutum ɗaya a Sheme ko Ruwan Godiya, inda sabis ke yankewa da gaske. Kafin a gama gwajin, ku kulle girman allo kada ya riƙa canzawa, ko hakan zai rage mutuwar. Ku tayar da ajiya a ranar, a faifai dabam, kuma a sa wanda zai riƙa buɗe ta yana tabbatarwa. Kai da bakinka ka ce ya rage maka makulli, domin shi ba zai taɓa iya faɗa ba. Ku kuma yi yarjejeniya cewa maganar aiki daga bakinsa zuwa kunnenka za ta riƙa zuwa, ko ta saƙon waya, ba ta ɗakin Hajiya ba.

Akwai sauran Sabuwa. Sunan yaron nan ne ake taunawa a kasuwa, kuma kai kaɗai za ka iya wanke shi. Ka gaya masa za ka je wurin Alhaji Badamasi, don kada ya ji daga sama, amma sanarwa ce, ba neman izini ba. Na san wannan ta fi duka ɗaci. Mai yiwuwa ya yi maka dariya, mai yiwuwa kuma aikin ba zai dawo ba. Ka je duk da haka. Ka kuma nemi Rahila ka ba ta haƙuri, ita ta sha ranar. Dattawan Damari da suka rage, a naɗi muryoyinsu tun suna nan, ko da ofis ne zai yi kyauta.

Game da 1996, an zalunce ka, ban musa ba. Amma waɗanda suka yi ba su san kana raye ba, kuma ranar nan su ne suka riƙe maka hannu ka danna. Ya isa haka. Mutumin da ya haura sittin, ya zauna a Ƙanƙara ya gano abin da ya gagari masu manhajar, ba ya bukatar Badamasi ya shaida masa ya yi karatu. In gyaran ya tabbata, ka aika wa masu ita da sunanka, domin akwai wasu ƙauyukan a duniya da sabis ke ƙiftawa.

Abin da ya tafi ba zan ce maka zai dawo ba. Aikin Faskari ne bai tafi ba tukuna, kuma dawa ba ta jira. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sanyaya maka zuciya, ya buɗe maka baki, ya sa albarka tsakaninka da wannan yaro mai mutunci. Ka gaishe mini da Hajiya.

Ummu Salma